Wa ke sayen itacen tukunyar Kwabenya?

Daren Asabar, 7 ga Oktoba 2017, da gidan gas ya kama da wuta a mahaɗar Atomic Junction da ke Akra, sama ta yi jajawur har muna hangowa daga Zangon Madina. Mutane suka fito, wasu ba ko takalmi, kowa ya nufi inda ƙafa ta kai shi. Wani dattijo maƙwabcinmu mai sayar da goro ya damƙe hannuna a bakin masallaci yana haki.

"Ɗana, dama na faɗa. Abin nan na Nkrumah ne ya tashi."

Na ce, "Baba, tankar gas ce. Wancan wurin yana can Kwabenya, da nisa."

Ya dube ni sheƙeƙe. "To in ba bam suke dafawa a can ba, me Turawa ke nema da suke ta kai musu kuɗi?"

A daren ba wanda ke da natsuwar amsa tambaya. Amma tambayar ta zauna mini, domin rabinta kuskure ne, rabinta kuwa ta fi abin da 'yan boko da yawa ke tambaya ma'ana. Ba bam ake dafawa a Kwabenya ba. Kuɗin waje kuma lalle suna shiga, kuma ba a banza ake kawo su ba.

Abin da ke can ƙaramar tukunyar nukiliya ce ta bincike, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30. Dutsen guga na lantarki yana cin wajen kilowat ɗaya, ke nan zafinta bai wuce na masu guga talatin da suka jona a lokaci guda ba. Ba ta ba da lantarki, ko ƙwan fitila ɗaya ba ta taɓa kunna wa kowa ba. Aikinta feso wasu ƙananan ƙwayoyin zarra da ake kira niyutiron. Sai a ɗebo ƙasa, ko gashin kai, ko ɗan naman kifi, a ƙunshe a 'yar roba, a harba cikin tukunyar ta bututu, a fito da shi. Daga irin hasken da samfurin zai riƙa fitarwa, wanda ido ba ya gani, na'ura ke karanta ko akwai zaiba ko wata guba a ciki, da kuma yawanta. A ƙasar da masu galamsey, wato masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, suka mayar da koguna kamar kokon safe, wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Yadda tukunyar ta zo, shi ne farkon bayanin kuɗin. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta na farko a Reggane, cikin hamadar Aljeriya, daidai lokacin da iskar hunturu ke sauko mana da ƙura daga arewa. Nkrumah ya fusata har ya sa aka riƙe kadarorin Faransa a Ghana. A shekarar nan kuma Ghana ta shiga Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA. Wato mutumin ya tsani bam, amma yana son ilmin. A 1963 aka kafa hukumar nukiliya ta Ghana da doka mai lamba 204, ranar 25 ga Nuwamba 1964 ya aza harsashi a Kwabenya, inda za a kafa tukunyar Tarayyar Sobiyet mai megawat 2. Sai sojoji suka kifar da shi ranar 24 ga Fabrairu 1966, aka sallami Rashawa, aiki ya tsaya cak. Ba a kunna tukunya a wurin ba sai 17 ga Disamba 1994. Shekara 30 tsakanin harsashi da wuta, kuma wadda aka samu ba ta kai kashi 2 cikin 100 na ƙarfin wadda aka yi niyya ba. Bambancin shi ne, ta farko an rataye ta a wuyan aboki ɗaya, da abota ta ɓaci ta tafi da ita. Ta biyu kuwa ta zo ne ta yarjejeniyar mutum uku, Ghana da Sin da IAEA, shi ya sa gwamnatoci suka yi ta sauyawa tana nan.

Ita IAEA ɗin ciniki ne ya haife ta. Ranar 8 ga Disamba 1953 shugaban Amurka Eisenhower ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da shawarar a raba ilmin nukiliya don ayyukan zaman lafiya. A 1957 aka kafa hukumar, mai hedikwata a Biyena ta Austiriya. Yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya, wadda ta fara aiki a 1970, ta ƙulle cinikin: ƙasar da ba ta da bam ta yi alkawarin ba za ta nema ba, ta buɗe ƙofa ga masu duba gari, su kuma manya su taimaka mata da ilmin zaman lafiya, kamar yadda sashe na 4 ya ce haƙƙinta ne. Afirka ta ƙara nata ƙulli da yarjejeniyar Pelindaba mai haramta makaman nukiliya a nahiyar, da aka sa wa hannu a Alƙahira a 1996, ta fara aiki a 2009. Don haka idan aka kawo wa Kwabenya na'ura, ba sadaka ba ce. Biyan bashin alkawari ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne aljihun da ake biyan kowane ɓangare na cinikin. Hukumar tana da kasafi na dole, wanda ya haura Yuro miliyan 400 a shekara. Kowace ƙasa ana yanka mata rabonta gwargwadon ƙarfin arzikinta, Amurka kaɗai na ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Daga nan ake biyan masu duba gari, kuma aikin sa ido ne ke cin kaso mafi tsoka. Shi kuwa taimakon da ake yi wa irinmu, daga wani asusu daban yake fitowa, asusun haɗin gwiwar fasaha, wanda aka sa wa burin Yuro miliyan 96 a 2024. Ana gaya wa kowace ƙasa abin da ya kamata ta zuba, amma a kan takarda gudummawa ce, ba haraji ba. Tamkar adashen da uwar adashe za ta iya yi maka gori in ka ƙi zubi, amma ba ta iya kai ka gaban alƙali. Raba wannan kuɗi tsakanin ƙasashe sama da 140, ka ga abin da zai faɗo wa kowa. Shekara da shekaru ƙasashe masu tasowa ke maimaita koke ɗaya a Biyena: tsoronku kun sa shi a kasafin dole, buƙatarmu kun bar ta a hannun ganin dama.

Kuma ba tsabar kuɗi ake miƙo wa gwamnati ba. Ƙasa ce ke rubuta ayyukan da take so, a zagayen shekara bibbiyu, hukumar ta sayo na'ura, ta turo ƙwararre, ta biya wa ma'aikaci kuɗin ƙaro karatu. Ƙasa irin Ghana tana biyan kashi 5 cikin 100 na darajar shirinta, don a ga da gaske take. Ƙasashe mafiya talauci an ɗauke musu wannan. Akwai kuma ayyukan da aka amince da su amma aka yi musu alama a ƙasan shafi cewa sai an samu mai bayarwa. Waɗannan su ne marayun tsarin, kuma dominsu ne ake buɗe aljihu na uku, na kyauta zalla, irin shirin da Amurka ta ƙaddamar a 2010 da alkawarin dala miliyan 50 cikin shekara biyar. A wannan aljihu mai bayarwa na iya cewa kuɗina a kan kaza nake so a kashe su.

Binciken kansa kuwa gayya ake yi masa. Hukumar za ta ɗauko tambaya ɗaya, ta tara cibiyoyin bincike daga ƙasashe 10 zuwa 15, su yi shekara uku zuwa biyar a kanta, suna haɗuwa kamar duk bayan shekara ɗaya da rabi don kowa ya baje abin da ya samo. Cibiyoyin ƙasashe masu arziki suna shigowa da guzurinsu. Namu ana ba su 'yan dubban Yuro a shekara, kuɗin sinadarai da na zirga-zirgar ɗebo samfuri, ba na albashi ba. Wanda ya ji adadin zai raina. Amma riba ba a kuɗin take ba. Masanin da ke Kwabenya da na Zariya da na Beijing za su auna abu ɗaya, da hanya ɗaya, da ma'auni ɗaya, ta yadda sakamakon Akra zai tsaya a ko'ina ba a ce a sake aunawa a Turai ba. Duk wanda ya taɓa ganin an dawo da kayan ɗan kasuwa daga tashar jirgin ruwa saboda takardar gwajinsa ba ta karɓu ba, ya san darajar wannan. Sai dai a gayya, mai kiran gayyar ne ke nuna gonar da za a nome. Tambayar da Biyena ba ta ɗauko ba, ko tana damunmu, sai mu nemo mata fartanya da kanmu.

Ga misali a kan tukunyarmu. Ta zo ne da yuraniyom da aka tace har kashi 90 cikin 100, irin wanda ake bam da shi, ko da yake dukansa bai wuce kilo ɗaya ba, bai isa komai ba shi kaɗai. Irin wannan tukunya tana Sin, da Pakistan, da Iran, da Siriya, da Ghana, da Najeriya a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A 2006 IAEA ta kira gayya a kan tambaya guda: za a iya sauya musu mai zuwa wanda bai kai kashi 20 ba, ba tare da sun rage aiki ba? Aka yi shekaru ana lissafi, aka tabbatar za a iya. A 2017 Ghana ta zama ƙasa ta farko a wajen Sin da aka sauya wa tata zuwa mai kashi 13, Amurka ta zuba kuɗi da ƙwararru, Sin ta ƙera sabon mai, aka ɗora tsohon a jirgin sama zuwa Sin a watan Agusta. An gina wurin atisaye a Kwabenya, a nan ma'aikatan Zariya suka zo suka koyi hannu kafin a yi tasu a 2018.

Da na ba Baba wannan labari bayan ƙura ta lafa, na ce masa ai ko abin da yake tsoro an kwashe shi makonni kaɗan kafin gobarar, sai ya yi dariya har da tafi. "Ashe sun kwashe nasu, sun bar mu da gas."

Ghana ta ci riba a aikin, ba musu: sabon mai, ƙwarewa, da suna. Amma dubi yadda aka biya komai har ƙarshe, daga akwatin ɗaukar man zuwa jirgi zuwa ginin atisaye, saboda abu ne da ke hana manya barci. Ajiye wannan, ka dubi ɗakin gashin ciwon daji.

Da taimakon IAEA aka buɗe cibiyar gashi a asibitin Korle Bu da ke Akra a 1997, ta asibitin Komfo Anokye a Kumasi a 2004. Babu gidan zango da bai san abin da hakan ke nufi ba. Mun sauki gwaggonni daga Bawku da Wa, da baƙi daga Burkina da Nijar, a ɗakunan unguwannin Nima ta Akra da Aboabo ta Kumasi, suna yin makonni ana kai su gashi kullum da asuba. Nijar, wadda ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, ba ta samu cibiyar gashi ta kanta a Yamai ba sai 2021. Na'urorin farko na nan Ghana masu aiki da kobalt-60 ne, wani ɗan ƙarfe mai fitar da hasken da ke ƙona ƙari. Shi wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a da ba ruwanta da kasafin kuɗi: duk shekara biyar da wata uku ƙarfinsa ke raguwa da rabi, ko an yi aiki da shi ko ba a yi ba. Gashin da ake yi a minti biyu yau, bayan shekara biyar sai ya ci huɗu, bayan goma ya ci kusan takwas. Layin da ke bakin ƙofa kuwa ba raguwa yake ba. Sabon kobalt daga waje ake sayowa, da kuɗin waje, kuma tsohon ma sai an biya a mayar da shi. Sabbin na'urori masu aiki da lantarki ba su da wannan matsala, amma suna son wutar da ba ta rawa, da kwangilar gyara da kamfani, da injiniya a kusa. Da Ghana ta tashi sabunta cibiyoyin nan biyu, rance ta ciyo daga asusun OPEC da bankin Larabawa na raya Afirka. Hukumar ta taimaka wajen tsara takardun neman, amma bashin namu ne.

A nan nake ganin mutanenmu ke kuskuren fahimta, har da wasu masu mulki. Kuɗin waje suna sayo tukunya, suna koya maka girki, wani lokaci har su ɗora maka sanwar farko. Itacen kullum naka ne: albashi, kuɗin wuta, kayan gyara, man motar ɗebo samfuri, da abin da zai hana wanda aka horar ya tattara ya koma inda ake biya da Yuro. Shugabannin Afirka sun yi wa kansu alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa a kan bincike. Ghana ko rabin hakan ba ta kai ba. Shirin gashi na musamman da shugaban IAEA Rafael Grossi ya ƙaddamar a Adis Ababa a Fabrairu 2022 abin yabo ne, amma shi ma da ƙoƙon bara yake tafiya.

Ba na son a ɗauka duk koke ne. Akwai rogon da aka saki a 1997 mai suna Tek Bankye, wanda masana a jami'ar kimiyya ta Kumasi suka samar ta hanyar haska irin da wani hasken nukiliya da ake kira gama, suka zaɓo wanda ya fi dakuwa a turmi. Tek laƙabin jami'ar ne, bankye kuwa rogo da Asantanci. Akwai kawar da tsando daga tsibirin Unguja na Zanzibar a 1997, inda aka riƙa sakin mazajen ƙudan da aka dakushe da haske har iri ya ƙare, shanu suka huta da sammore. Wanda ya fi burge ni shi ne binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa na yankin Sahel, daga 2012 zuwa 2017, ƙasashe 13 har da Ghana da Nijar da Najeriya da Burkina. Ruwa yana ɗauke da wata shaida a cikin ƙwayoyinsa da ke nuna shekarunsa. Ta haka ake gane ko rijiyar burtsatse na shan ruwan daminar bara ne, wanda zai dawo, ko kuwa ruwan da ya kwanta tun dubban shekaru ne, wanda in ya ƙare ya ƙare. Tafkunan ƙarƙashin ƙasa ba su san kan iyaka ba, don haka babu ƙasa ɗaya da za ta iya wannan bincike ita kaɗai. In ana neman hujjar gayya, ga ta nan.

Abin da ya sa Ghana ke samun rabo fiye da wasu maƙwabta ba sa'a ba ce. Ko a shekarun da babu tukunya, an ci gaba da riƙe masana. A 2006 aka buɗe makarantar manyan digirori ta ilmin nukiliya a Kwabenya tare da Jami'ar Ghana, yanzu ɗalibai daga sassan Afirka ke zuwa da tallafin IAEA ƙarƙashin AFRA, yarjejeniyar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka kan ilmin nukiliya ta 1990. Ɗan Ghana, Kwaku Aning, ya taɓa shugabantar sashen haɗin gwiwar fasaha na IAEA gaba ɗaya, kuma Ghana ce ta riƙe kujerar shugabancin majalisar gwamnoninta mai ƙasashe 35 a zangon 2024 zuwa 2025. Mai mutum a ɗakin rabo ba ya kwana da yunwa. Can saman bene kuwa, inda ake gina ITER a kudancin Faransa don gwada samar da wuta irin ta rana, Turai na ɗaukar kusan kashi 45, Amurka da Sin da Rasha da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu na raba saura, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a teburin.

Sai maganar da ta fi tashe tun zamanin dumsor, wato ɗauke-ɗauken wutar lantarki, ta gina tashar lantarki ta nukiliya. Nan kam a cire IAEA daga lissafin kuɗi. Ita dai ta zo ta duba shirinka, kamar yadda ta yi a 2017, ta ce ga inda ka gyara ga inda ya rage. Ghana ta yi dokar hukumar sa ido a 2015, ta kafa kamfanin Nuclear Power Ghana a 2018, ta zaɓi Nsuban a Jihar Yamma, da Obotan a Jihar Tsakiya a matsayin ko-ta-kwana. Amma tasha ɗaya ta fi ƙarfin asusun haɗin gwiwar fasaha na IAEA baki ɗaya sau ɗaruruwa. Ta Masar a El Dabaa, mai tukwane huɗu, Rasha ce ta ba da rancen dala biliyan 25 don gina ta. Bankin Duniya sau ɗaya tak ya taɓa ba da rancen tashar nukiliya, ga Italiya a 1959, sai a Yunin 2025 ya janye haramcin da ya ɗora wa kansa. Don haka mai sayar da tukunyar shi ne yawanci mai ba da bashin, kuma shi ne zai sayar maka da mai da kayan gyara har shekara 60.

A 2024 Ghana ta sa hannu da Sinawa a kan babbar tukunya, ta kuma sa hannu da wani kamfanin Amurka a kan ƙananan tukwane ƙirar NuScale. A farkon 2025 Amurka ta kafa ɗakin kwaikwayon sarrafa irin waɗannan tukwane a Kwabenya, ɗalibai na zama gaban allunan kwamfuta suna koyon tuƙa tashar da ba a gina ba tukuna. Kyauta ce mai kyau, ni ma da ina saurayi da na so in zauna a kujerar. Amma duk ɗan tasha ya san direban da ya koyi hannu a mota ɗaya, ita yake yaba wa maigida ranar da za a sayo sabuwa. Rashawa da Faransawa da Koriyawa su ma sun kawo tayinsu.

Ni dai duk Nuwamba, idan ministan kuɗi ya karanta kasafi a majalisa, nakan tsallake shafukan alkawura in je layin hukumar da ke Kwabenya, in duba nawa aka ware bayan an cire albashi. Baba ya ce in riƙa karanta masa, amma in fara da farashin gas.